Bakandamiyar Shata: me ya sa ta kowane kaset daban take

Tun da muka fara sako tsofaffin wasannin Alhaji Mamman Shata a shirin dare, gardama guda ce ke ta dawowa, daga masu bugo talho na nan Bonkuku da Filinge har ƴan uwa masu aiko saƙon murya daga Kwatano, Legas, Kumasi da Libiya. Wani ya ce Bakandamiyar da muka sa ba ta asali ba ce, don wadda ke cikin salularsa ta fi ta tsawo. Wani ya ce mun yanke wurin da Shata ke lissafa garuruwa. Wani dattijo kuma ya ce duk mu yi shiru, ta gaskiyar ita ce wadda ya ji a radiyo yana saurayi. To, jama'a, kowa na da gaskiya. Shata ba ya maimaita waƙa yadda ya yi ta jiya, shi ya sa kowane wasa da aka ɗauka yake da tasa Bakandamiyar. Mun tattara bayanin ga ne don mai son ya gane abin da yake ji, musamman yaran da suka tashi bayan rasuwarsa, waɗanda suka san muryar amma ba su taɓa tsayawa a filin wasansa ba.

Shata a taƙaice

An haifi Muhammadu Shata a Musawa, ƙasar Katsina, a 1923. Gidansu ba gidan kiɗa ba ne, kuma mahaifinsa Ibrahim Yaro bai so ɗansa ya zama maroƙi ba. Da ƙuruciya ya yi tallar goro da alewa, yana waƙa a dandali don nishaɗi, tun kafin abin ya zama sana'a. Ya zauna Bakori, daga baya ya koma Funtuwa inda ya kafa gida. Ya yi waƙa fiye da shekara 50: ya yi wa sarakuna da attajirai, ya yi wa direbobi da mata da manoma, ya yi wa sojoji lokacin yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970, har kumbon Apollo 11 da Amurkawa suka tura duniyar wata a 1969 bai tsira daga bakinsa ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988, daga nan ne "Dokta" ya hau kan sunansa. Ya rasu a asibiti a Kano ranar Juma'a 18 ga Yuni 1999, aka kai shi Daura aka rufe, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar. Allah ya jiƙansa.

Yadda wasa ke gudana

Kafin a gane kaset sai an gane filin da aka ɗauke shi. Wasan Shata yawanci na biki ne, ko naɗin sarauta, ko ajo, ko gayyatar wani mai hali. Ana share fili, a jera kujeru da tabarmi, a ɗaura lasifika, manyan baƙi a gaba, sauran jama'a a kewaye har bisa katanga. Makaɗa su fara ɗumama wuri tun kafin maigidan ya miƙe.

Kayan kiɗan kalangu ne. Duk wanda ya taɓa zuwa bakin mahauta ran kasuwa ya san shi: ganga ce mai baki biyu da siririn ciki, ana rataya ta a kafaɗa a matse ta ƙarƙashin hammata. Tsarkiyar da ta haɗa fatun biyu ita ce sirrin. In makaɗi ya matse, murya ta hau, in ya saki ta sauka. Da yake Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, kalangu na iya faɗin magana, mai kunne ya ji taken mutum ya san da wa ake tun ba a ambaci suna ba. Asalinsa kiɗan mahauta ne da na ƴan mata a dandali. Shata na cikin waɗanda suka shigar da shi zauren sarki da gidan radiyo. A gefen manyan kalangai akwai ɗan ƙaramin kuntuku, mai ƙara tsan-tsan, wanda ke riƙe da tafiyar kiɗan ba ya gocewa.

Waƙar kanta kashi biyu ce. Akwai gindin waƙa, wato amshin da makaɗa ke maimaitawa, shi ba ya sakewa, da shi ake gane wace waƙa ce. Sai kuma ɗiyan waƙa, abin da Shata ke zubawa tsakanin amshi da amshi. Nan ne duk aikin yake. Waɗanda suka zauna da shi da waɗanda suka yi nazarinsa sun yi ittifaƙi a kan cewa ba ya zama a gida ya tsara baiti ya haddace. A fili yake ƙera su, a tsaye, mutane na kallo. Yayin da ƴan amshi ke rera nasu, shi yana numfasawa yana duban taro, kafin su dire ya riga ya ɗauko abin da zai faɗa.

Daga ina yake ɗaukowa? Daga abin da ke faruwa a gabansa. Sanƙira, wato mai shelar kyauta, yana tsaye yana ɗaga murya: wane ɗan wane ya ba da kaza, wance ta aiko da turmin zane, wane ya yi alkawarin doki. Shata sai ya cafke sunan, ya haɗa shi da na uba, da garin mutum, da sana'arsa, wani lokaci da wata tsohuwar hulɗa da ta taɓa shiga tsakaninsu shekaru da suka wuce. Babban baƙo ya shigo ana tsakiyar waƙar wani, sai ka ji akalar ta karkata. Wanda ya yi alkawari bara bai cika ba, in tsautsayi ya kawo shi wurin, zai ji habaici ya wuce ta gefen kunnensa, taro ya fashe da dariya. In masu rawa suka cika fili ana ta liƙi, sai ya yi shiru ya bar kalangai su yi ta zance da junansu, minti biyu, minti uku, sannan ya dawo. Waƙar da aka sani da minti biyar tana iya kai rabin awa in dare ya yi daɗi. Wata rana kuma ya taɓa ta sama-sama ya wuce, don wurin bai karɓa ba.

Kada a ɗauka komai sabo ne fil. Yana da rumbun kalmomi da kirari da karin magana da yake komawa gare su, kamar yadda magini ke da tubalinsa a ajiye. Jerawar ce ke zama sabuwa kullum, da abin da ranar ta kawo.

Ita Bakandamiya

A wajen makaɗan Hausa, bakandamiya ita ce waƙar da mawaƙi ke ɗauka a matsayin uwar waƙoƙinsa, inda yake nuna iyakar gwanintarsa. Ibrahim Narambaɗa ma yana da tasa, kuma masu sauraron kiɗan fada har gobe suna jayayya kan wadda ta fi. Ta Shata ba ta wani sarki ko attajiri ba ce, kansa ya yi wa. A ciki yake kirari, yake lissafa garuruwa da ƙasashen da waƙa ta kai shi, yake gode wa masu kyauta, yake kuma ja wa ƙananan mawaƙa da abokan hamayya kunne.

Ka ga waƙar da batunta rayuwar mai ita ne ba za ta tsaya wuri guda ba muddin yana raye. Bana ya je wata ƙasa, sai ta shiga. Wani ubangida ya rasu, sai a ji addu'a a inda da ake jin yabo. Wani yaro ya taso yana cika baki, sai a ba shi nasa rabon. Shi ya sa in ka jera Bakandamiya uku ko huɗu na shekaru daban-daban, kamar kana bin tarihin mutumin ne da bakinsa. Ta ƙuruciya da sauri take, murya a sama, yana taka kalmomi kamar mai tsere. Ta shekarun ƙarshe ta fi nauyi, muryar ta yi kauri, yana jan magana, yana barin kiɗa ya yi masa rabin aikin. Ni dai a nawa kunnen ta tsakiyar rayuwarsa ta fi zama daram, lokacin da ƙarfin murya da ƙwarewa suka haɗu, amma na san dattawa da ba za su yarda da wagga magana ba ko kusa.

Yawancin kaset ɗin da ke yawo babu shekara a jikinsu. Duk da haka mai natsuwa zai iya kusantar lokacin, in ya kasa kunne ga wasu abubuwa. Na farko kuɗi. In sanƙira na kiran fam da sule, to wasan ya girmi 1973, don a farkon wannan shekara ne Najeriya ta koma naira da kwabo, ko da yake bakin mutane ya ɗan jima yana kiran tsohon suna. Na biyu sarakuna. Usman Nagogo ya yi sarautar Katsina daga 1944 zuwa 1981, ɗansa Muhammadu Kabir ya gaje shi. Ado Bayero ya hau gadon Kano a 1963, Muhammadu Bashar ya zama Sarkin Daura a 1966. In ana maganar Sardauna Ahmadu Bello a matsayin mai rai, to ba a kai Janairun 1966 ba. In an ambaci gwamnan jihar Katsina, an kai 1987, don kafin nan Katsina cikin jihar Kaduna take. In kuma ana ce masa Dokta, an kai 1988. Duk waɗannan alamu, lura, mafi yawansu a bakin sanƙira suke da hayaniyar taro, wuraren da masu gyaran waƙa a salula suka fi saurin yankewa don wai surutu ne. Wanda ya yanke surutun nan ya jefar da shekarar wasan da sunan garin, ya bar mu da waƙa marar adireshi.

Faifai, radiyo da kaset

Wani dalilin bambancin tsawo ba daga Shata yake ba, daga na'ura ne. Tsohon faifan garmaho minti uku ko kusa da haka yake ɗauka a kowane gefe. Ƙaramin faifan da ya biyo baya ya ɗan ɗara, babban kuma yana kai wajen minti ashirin. Kamfanonin faifai irin su EMI a ɗaki suke ɗaukar mawaƙi, ba taro, ba liƙi, a ce masa ga iyakar lokacinka. Abin da ya fito yana da tsabtar sauti, kuma shi ne da yawa suka fara ji har suka ɗauka shi ne na asali. A gaskiya taƙaitawa ce.

Gidan radiyon Kaduna, wanda gwamnatin Arewa ta buɗe a 1962 kuma ya shiga ƙarƙashin radiyon tarayya a 1978, shi ne ya fi kowa yaɗa muryar Shata. A wancan lokaci da gajeren zango yake watsawa, ana kama shi tar a ƙasar Nijar, har nan Kurfai da Imanan. Namu gidan na Yamai, da aka buɗe a 1958 kuma daga baya ya zama Muryar Sahel, shi ma yana da sashen Hausa da nasa ma'ajin kiɗa. Iyayenmu tsakanin tashoshin nan biyu suka yi ta murɗa akwati.

Sai kaset ya zo. Kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, amma sai cikin shekarun 1970 ya cika kasuwanninmu. Daga nan duk mai rikoda da batir ya zama mai ɗaukar wasa. Mutum ya je biki, ya ajiye rikodarsa kusa da lasifika, ya danna jan maɓalli. Irin waɗannan ne muke kira kaset ɗin fili, kuma su ne suka fi daraja wajen masoya, duk da ƙurar sautinsu. A ciki za ka ji guɗar mata, kukan yaro, wani na neman a matsa masa, wani lokaci har carar zakara in wasan ya kai asuba. Kaset mai lamba 60 minti talatin yake ɗauka a kowane gefe, mai lamba 90 minti arba'in da biyar. Shi ya sa sau da yawa waƙa ke yankewa ɗif a tsakiya ta dawo a wani wuri: mai rikodar ne ke juya kaset, Shata kuwa bai jira shi ba. Wanga giɓi ba laifin gidan radiyo ba ne, masu bugo mana talho a kai su yi haƙuri.

Akwai kuma abin da batir ke yi. In batir ya yi sanyi lokacin ɗauka, zaren na tafiya a hankali. Ran da aka sa kaset ɗin a rikoda mai lafiya, sai komai ya yi sauri, murya ta sirance. Akwai "Shatan ƙuruciya" da yawa da ke yawo waɗanda a gaskiya dattijo ne batir ya mai da yaro. Ga kuma kwafi bisa kwafi: masu shagon kaset a tasha su kwafa daga na wani, wani ya kwafa daga nasu, kowane hawa sauti na ƙara dushewa.

Mutanen Shata

Masoyan Shata jama'a ce guda, ko da yake ba su da ofis ko kati. Direbobin manyan motoci da ƴan kamasho na kan gaba, don tafiyar dare da doguwar waƙa sun dace da juna. Sai mahauta, teloli, masu shayi, ƴan kasuwar dabbobi. A nan yankinmu ƴan cin rani ne suka shigo da shi gida-gida. Saurayi ya gama girbi ya tafi bida Najeriya ko Gana, ya dawo gab da damina da akwatin radiyo mai kaset, an ɗinka masa riga, da kaset uku ko huɗu a aljihu. Da dare a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, unguwa ta taru. A Imanan, inda Zabarmanci da Buzanci da Hausa ke cuɗanya a kasuwa guda, akwai dattawan da za su gaya maka wani sashe na Hausarsu daga bakin Shata suka tsince shi.

Radiyo ne ya haɗa waɗannan mutane da ba su san juna ba. Shirin Zaɓi Sonka na Kaduna ya shahara da haka: mutum ya aika kati da sunansa da na waɗanda yake gaisarwa, a karanta, a sa masa waƙa. Sunaye suka yi ta maimaituwa har wasu suka zama sanannu a ƙasashe biyu ba tare da an taɓa ganin fuskarsu ba, aka kafa ƙungiyoyin zaɓi sonka gari-gari, ana ziyartar juna, ana zuwa bikin juna. A Nijar ma tun 1962 akwai ƙungiyar kulob-kulob na masu sauraron radiyo. Da gidajen radiyo masu zaman kansu suka buɗe cikin shekarun 1990, fadojin matasa na Damagaram da Maraɗi suka ɗauki wannan al'ada ta gaisuwa, sannan radiyon karkara irin namu suka biyo baya, tun daga na Bankilare. Yau gaisuwar ta koma saƙon murya, kaset ya koma katin memuwar, amma zancen bai sake ba: wa ke da wasan da ba kowa ke da shi ba, wace shekara aka yi shi, wa ake wa habaici a wuri kaza.

Gardamar ba ta tsaya kan tsawo kaɗai ba. Shata ya yi waƙar shan giya da ta jawo masa suka, ya kuma yi waƙar yabon Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, da mutane ke ji suna hawaye. Akwai malaman da ba su yarda da kiɗa ba gaba ɗaya, akwai masu saurare da ke cewa a sa wannan a bar waccan. Akwai zambon da ya yi wa mutanen da jikokinsu na nan da rai. Mu a nan abin da muke bi shi ne, wasan da bai dace da kunnen iyali ba mu bar shi a ajiye dungum, wanda muka zaɓa kuma mu sa shi cikakke, ba tare da mai gabatarwa na tsoma baki a tsakiya ba. Gutsura wasa don a gyara wa Shata hali aiki ne da bai roƙi kowa ba.

Masana ma suna cikin jama'ar. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na dokta a kan Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975. Sa'idu Muhammad Gusau ya yi dogon aiki kan makaɗan Hausa da yadda waƙar baka ke ginuwa. A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da babban littafin tarihinsa, Shata Ikon Allah. Su ma da kaset ɗin mutane suka dogara, da bakin waɗanda suka halarci wasannin.

Wasu ma haka suke

Ƴan uwa da ke Amurka sun san irin wannan a can. Akwai wata ƙungiyar masu jita da ake kira Grateful Dead, da aka kafa a Kalifoniya a 1965, ta yi wasa sama da 2,300 kafin jagoranta Jerry Garcia ya mutu a 1995. Su ma ba sa yin waƙa iri ɗaya sau biyu, suna iya jan guda har minti ashirin ko talatin, kowa na bin ɗan uwansa da kunne. Masoyansu, da ake ce wa Deadheads, suna bin su gari-gari da rikoda. Maimakon su hana, ƙungiyar ta ware wa masu ɗauka wuri na musamman tun daga 1984, bisa sharaɗin a yi musanya kyauta, ban da sayarwa. Wani ɗan radiyo, David Gans, tun 1985 yake gabatar da shiri na mako-mako da yake sa tsofaffin wasanninsu. Wasan da suka yi a Jami'ar Cornell ranar 8 ga Mayu 1977 ya yi suna har babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya shigar da shi cikin sautukan da ƙasa ke adanawa, a 2012.

Inda suka fi mu wuri guda ne: rubutu. Kowane kaset nasu da ranarsa da garinsa da jerin waƙoƙinsa a jiki, shi ya sa yau mutum zai shiga intanet ya nemi wasan ran kaza ya same shi. Mu namu "Shata" kawai aka rubuta da bik, in ma an rubuta.

A nan gida, mai son ganin irin wannan wasa da idonsa bai rasa ba. Ƙungiyar Tal National ta Yamai, wadda Almeida ya kafa a 2000, ta yi suna da wasan awa biyar a dare guda, jita da kalangu tare, mawaƙa na karɓar juna da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci. Faifansu Kaani na 2013 ya kai su Turai da Amurka, amma duk wanda ya gan su a Yamai zai ce maka faifan ɗanɗano ne kawai. Makaɗan kokowa ma haka suke, kirarin ɗan kokowa na sakewa gwargwadon wanda ya kayar jiya.

Kaset ɗin da ke cikin adaka

Shekarun nan, da matsalar tsaro da dokar ta-ɓaci a jihar Tillaberi, taron dare ya ragu ƙwarai a garuruwanmu. Hira ta koma cikin gida, kusa da akwatin radiyo. Wannan ya ƙara wa tsofaffin wasannin nan daraja, a daidai lokacin da su kansu suke lalacewa. Zaren kaset ba ya son zafi, ba ya son ƙura, ba ya son laima. Wanda ya shekara talatin a cikin adaka ƙarƙashin rufin kwano yana iya manne wa kansa, ran da aka sa shi rikoda ta cinye. Masu gyaran rikoda ma sun zama ɗaiɗai. Abin da ya fi wannan ciwo, dattawan da za su ce "wannan a bikin wane aka yi shi, ina wurin" suna ta tafiya. In mai kaset ya rasu, magada kan raba tufafi da dabbobi, kaset kuwa a bar wa yara su zare zaren su yi wasa.

Akwai wuraren ajiya a Yamai, kamar cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya da cibiyar nazarin al'adun baka ta CELHTO, haka ma jami'o'in Kano da Zariya. Sai dai wasan da wani ɗan cin rani ya ɗauka da rikodarsa a wani ƙauyen Katsina ba ya wurin kowa sai wurinsa. Kuma ba Shata kaɗai ba. A irin waɗannan adakoki akwai Ɗanƙwairo, Ɗan Anace, Ɗan Maraya Jos, Ɗan Gurmu na Tawa, da makaɗan garuruwanmu na Kurfai da ba su taɓa shiga ɗakin ɗaukar faifai ba. Su nasu ma ya fi zama abin tsoro, don in kaset guda ya tafi, muryar ta tafi ke nan.

Wanda ke da irin wannan a gida, kada ya yi gaggawar sa shi a rikoda. Ya fara duba ko zaren ya yi fari-fari ko ya manne. Ya zura bik a ramin ya murɗa a hankali daga farko har ƙarshe, ya dawo da shi, don zaren ya saki. A saman kaset akwai ƴan ƙananan haƙora biyu na roba, a karye su, ta haka ko wani ya danna jan maɓalli bisa kuskure ba zai goge abin da ke ciki ba. A ajiye shi a tsaye cikin kwalinsa, a inuwa, nesa da lasifika da duk abin da ke da maganaɗisu. Kafin komai kuma a zauna da mai shi, in yana raye, a tambaye shi: a wane gari aka yi wasan, bikin wa, wace shekara ko zamanin wane sarki ko shugaba, shi ya ɗauka da hannunsa ko saye ya yi a tasha. A rubuta a takarda a saka cikin kwalin. Ko "shekarar da aka yi fari, kafin Kunce ya hau" aka rubuta, ta wadatar a gane ana nufin wajen 1973 zuwa 1974.

Wanda ya kawo mana nan gidan radiyo, muna juye sautin a kwamfuta mu mayar masa da kaset ɗinsa, tare da kwafi a katin memuwar in ya zo da shi, kuma in za mu sa a iska sai mun ambaci gidan da ya fito, sai fa in mai shi bai so ba. Ba ma sayarwa, don waƙar tana da magada. Ƴan uwa na waje da ke da wasa a salula, in za ku turo ta WhatsApp ku turo shi a matsayin fayil, kada ku kunna shi a wata wayar ku ɗauka da saƙon murya, don hakan na dusar da kiɗan. Ku turo shi cikakke, da surutun farko da na ƙarshe, sannan ku biyo da saƙo daban mai faɗin inda kuka samo shi.